Walƙiya a Kan Igiya

A gida Auta ake ce mata, don ita ce ta biyar kuma ta ƙarshe. A waje kuwa, shekara uku ke nan ba wanda ya ƙara kiranta da wani suna sai Walƙiya: masu tasi, masu shago, yaran layi, har shugabar makarantarsu in ta sha'afa.

Abin ya faro ne tana 'yar shekara goma sha huɗu, ranar wasannin makaranta. Ta yi alkafura uku a jere ta dira da ƙafafunta cak, ashe cikin iyayen da suka zo kallo akwai wani mai shirya fim. Kafin sati ya zagayo, ga shi zaune a falonsu tare da Kawu, ƙanin Mama, wanda duk dangi suka yarda ya fi kowa iya magana da manyan mutane. Babansu ya daɗe da rasuwa, Mama kuwa guga take yi a wani otal. Ranar ta dawo daga aiki a gajiye, Kawu ya karanta mata takarda mai shafi goma sha ɗaya da sauri-sauri, ya nuna mata gurbi, ta sa hannu. Fim uku aka rubuta a ciki.

Labarin fim ɗin ba shi da wuya. Wata 'yar makaranta ce tsawa ta faɗi kusa da ita, ta tashi da gudun da ido ba ya gani, har tana iya tashi sama. Sai ta ɗaga hannu a aji ta ce za ta banɗaki, ta je ta tare jirgin ƙasan da birkinsa ya tsinke, ta dawo ta zauna kafin malami ya gama goge allo. Mutane suka so abin ba kaɗan ba. Hoton Auta ya hau jakunkunan yara da gorar ruwa da bayan motocin haya.

Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne rigar. Ta roba ce mai shuɗi da ruwan azurfa, tun daga wuya har idon sawu, zif ɗinta a baya inda hannu ba ya kaiwa. Sai Anti Mai Kaya, mai kula da suturar 'yan wasa, ta kwashe minti arba'in tana ja tana barbaɗa hoda kafin ta shiga. In ta shiga kuma ba fita sai an tashi aiki, shi ya sa ranar ɗaukar fim Auta ba ta shan ruwa tun asuba. Jarumar da ke fita aji da sunan banɗaki, ita kanta ba ta da damar zuwa banɗakin.

Makaranta ta koma mata kamar gidan maƙwabta, ana leƙawa a gaisa a wuce. Da ba don Tabarau ba, ƙawarta da suke benci ɗaya tun aji ɗaya, da tuni ta zube. Tabarau kan kwafe darasi sau biyu, nata da na Auta, ta kawo mata gida tana mita.

"Ke kina can kina ceton gari, ni ina nan ina ceton ki. Wa zai sa hotona a jikin gora?"

Duk darussan, Auta ta fi son na sinadarai. Ba don komai ba sai don ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai wurin da ba wanda ke kallonta. Idon kowa na kan kwalbarsa, yana jiran ɗigon da zai sauya launin ruwa. Burinsu ita da Tabarau su tafi jami'a tare su karanci haɗa magunguna. Sai ga jarrabawar ƙarshe ta zo daidai da ɗaukar fim na biyu. Ta lallaɓa ta rubuta sauran darussa tsakanin wannan fitowa da waccan, saura guda: gwajin sinadarai, ranar Laraba da ƙarfe biyu. Sau ɗaya ake yinsa a shekara. Wanda ya rasa shi ya rasa darasin gaba ɗaya, wanda ya rasa darasin kuma ba shi ba jami'a a bana.

Larabar kuma ita ce rana ta ƙarshe da masu fim ke da ita a tsohon siton da suka kama haya. Alhamis masu wurin za su shigo da kayansu.

"Kawu, ka roƙe su mana su bar ni gobe," in ji Auta ranar Talata da yamma. Tana zaune a ƙasa, littattafai zagaye da ita.

"Na yi magana da Darakta da bakina. Fitowa ɗaya ce ta rage. Sha biyu kin gama, ki yi wanka, har barci sai ki yi kafin biyu."

Mama tana ninke kaya a gefe, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai dai ka san halin mutanen nan. Sha biyunsu la'asar ce."

"Haba Yaya, ni ne fa. Yaushe na taɓa sa ku a rana?"

Mama ta dube shi ta ƙasan ido ta ci gaba da ninki. Auta ta goge kayan makarantarta, ta saka su a jaka tare da farar rigar gwaji da katin jarrabawa.

Siton dogo ne, rufinsa na kwano, an lulluɓe bango guda da koren ƙyalle. Can sama, jikin ƙarafan rufin, aka ɗaura wayoyin da ke ɗaga ta, injin da ke jan su kuma yana ƙasa a hannun Mai Igiya. Dattijo ne mai furfura a gemu, da can a wurin gine-gine yake aiki. Bai cika magana ba, amma kullum sai ya ja kowace ɗamara sau biyu kafin ya ce, "Bismillah, 'yata."

Fitowar da ta rage ita ce wadda Walƙiya ke tsaye a sararin sama, ta hango makarantarsu ana kaɗa ƙararrawa a dama, ta hango gada tana karyewa a hagu, ta rasa inda za ta nufa. Aka ɗaga ta aka sauke, aka ɗaga aka sauke. Darakta yana zaune gaban ɗan talabijin ɗinsa yana girgiza kai.

"Fuskarki ba ta cewa komai. Kamar mai jiran canji a shago! Ina son in ga zuciyarki ta rabu biyu."

Sau tara aka yi. Sha biyu ta wuce da minti ashirin. Auta ta dubi Kawu, Kawu ya dubi agogon hannunsa, ya je ya raɗa wa Darakta wani abu.

"Ɗaya tak," in ji Darakta yana ɗaga yatsa. "Ɗaya, sai ta tafi."

Mai Igiya ya danna maɓallin injin. Ta tashi sama a hankali, ta wuce fitilu, ta kai inda aka saba tsayar da ita, tsayin bene hawa biyu. Sai injin ya yi wata ƙara kamar an shaƙe akuya, warin ƙonanniyar waya ya cika wurin, komai ya tsaya.

Da farko dariya aka yi. Wani ya ce, "Walƙiya, sauko da kanki mana!" Ita ma ta ɗan murmusa. Mai Igiya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya buɗe cikin injin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga kai.

"'Yata, kar ki ji tsoro, ba za ki faɗo ba. Birkin ya kulle kansa, haka aka yi shi. Sai dai ba ya buɗuwa sai injin na aiki."

Aka kawo tsani, ko rabin tsayin bai kai ba. Aka ɗora shi kan tebur, Mai Igiya ya ce wanda ya hau wannan sai dai a kwashe shi. Wani ya ce a tara katifu a yanke wayar, ya ce sai dai a fara yanke hannunsa. Aka kira 'yan kwana-kwana, suka ce motarsu mai tsani tana can wani gefen gari wajen gobara, amma tana zuwa. Aka kira mai gyaran injin, ya ce ga shi nan a hanya.

A jikin bangon gabas akwai wani babban agogo da masu siton suka bari. Da yake waya ɗaya ce ta fi ɗaukar nauyinta, sai Auta ta riƙa juyawa a hankali kamar abin da aka rataye a shagon mahauci. Ta ga agogo, ta ga koren ƙyalle, ta ga kawunan mutane a ƙasa, ta sake ganin agogo. Ɗaya saura kwata. Ɗaya da biyar. Ɗamarar da ke cikin rigar ta fara cin cinyoyinta. Zafin kwano yana dukan kanta, gumi yana gangarowa cikin robar ba inda zai fita. Maƙogwaronta ya bushe ƙamas. Can ta ji ƙafafunta sun fara zama ba nata ba.

"Riƙa motsa su," in ji Mai Igiya. "Kamar kina tuƙa keke. Kar ki daina."

Ya wurgo mata igiya mai maɗauki, a karo na huɗu ta cafe, ta maƙala a wayar ta sa ƙafa ɗaya a ciki don ta rage nauyi. Haka jarumar gari ta koma tana tuƙa keken da babu shi a sararin sito.

Kawu ya fita da waya a kunne, ya dawo fuskarsa a sanyaye.

"Me suka ce?" ta tambaya daga sama.

"Shugabar makarantarku ta ce jarrabawar ba tasu ba ce, ta hukuma ce. Amma ana barin mutum ya shiga har biyu da rabi. Akwai lokaci, Auta, akwai lokaci."

Ƙarfe ɗaya da rabi ba motar kwana-kwana, ba mai gyara. Ta tuna yanzu 'yan ajinsu suna layi a baranda, Malamar sinadarai tana duba katin kowa, Tabarau tana ta waiwayen ƙofar makaranta. Ta tuna daren da ta yi tana haddace launuka. Ba ta san lokacin da hawaye suka ɓalle mata ba. Ta yi ƙoƙarin sharewa, safar hannun robar ta ƙi shan ruwa, sai dai ta dama shi da kwalliyar fuskarta.

Da ta juyo zagaye na gaba, sai ta ga ɗan jan haske a goshin kyamara. Darakta ya sunkuya kusa da mai ɗauka, yana yi masa nuni da yatsu biyu ya matso da hoton.

"Kawu," ta ce. "Kawu, ka ce su kashe."

Kawu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Daure, 'yata," in ji Darakta a hankali, idonsa na kan talabijin. "Tun safe abin da muke nema ke nan. Dubi dama. Yawwa. Yanzu dubi hagu."

Ba ta dubi ko'ina ba, wayar ce ta juya ta. Mai Igiya ya taso daga gindin injin, ya tuɓe rigarsa ta aiki ya yafa wa kyamarar. Darakta ya miƙe zai yi faɗa, ya dubi fuskar dattijon, ya koma ya zauna. Ya riga ya sami abin da yake so.

Daga nan Mai Igiya ya daina jiran kowa. Ya rataya igiya mai kauri da ƙaramar gargare a kafaɗa, ya bi ginshiƙin bango ya hau, ya ja ciki a kan ƙarfen rufin da rana ta gasa, har ya zo daidai kanta. Ya ɗaura gargaren, ya zuro mata ƙugiya ya ce ta maƙala a zoben ƙirjinta. Maza shida suka riƙe ɗaya bakin igiyar suka ɗan ɗaga ta, ya kwance wayar, suka sassauto da ita sannu-sannu. Da tafin ƙafarta ya taɓa siminti sai ta zube kamar tsumma. Agogo ya ce biyu da minti goma.

"Cire min, Anti, cire min!"

"Fitarta ma minti ashirin ce, kin sani," in ji Anti Mai Kaya. Ta ɓalle mata mayafin baya da abin rufe ido, ta yafa mata rigar ruwa, ta rataya mata jakarta. Kawu ya ruga zai tayar da mota, Mai Igiya ya ce a wannan lokacin mota ba za ta kai ba. Tafukan hannunsa sun yi ja sun tashi, haka ya kama kan babur ɗinsa, aka ɗora ta a baya.

Sun bi ta lunguna, sun ratsa tsakanin motoci, sun hau gefen titi inda masu tafiya a ƙasa suka yi ta zaginsu. A wata mahaɗa wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya, sai da suka zagaya. Iska ta yi ta buɗe rigar ruwan, azurfar na ƙyalli, yara na bin su da ihu. Auta ta kifa goshinta a bayan dattijon tana ƙirga numfashinta.

Maigadin makaranta ya buɗe ƙofa yana washe baki. Ta wuce shi tana ɗingishi, ta bi baranda tana dafa bango, ta isa ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. A rufe take. Wata mata baƙuwa mai katin hukuma a wuya tana zaune a kan kujera a bakin ƙofar. Auta ta miƙa mata katinta da hannu biyu.

Matar ta dubi katin, ta dubi rigar, ta dubi agogonta. "Biyu da arba'in da ɗaya."

"Don Allah, Hajiya. Inji ne ya lalace, ina rataye a sama. Ko rabin lokacin ne ki ba ni, zan gama."

"Na san ki. 'Ya'yana uku duk jakarki suke ɗauka." Ta miƙo mata katin. "Amma na riga na ja layi a sunanki, na rufe takardar, abokin aikina ya sa hannu. In na buɗe miki ƙofar nan, ba ke kaɗai ba, duk waɗanda ke ciki za a iya soke tasu. Ki yi haƙuri."

Ba tsawa a muryarta, ba wulaƙanci, shi ya sa Auta ta rasa abin da za ta kama. Ta matsa jikin taga. Ta tsakanin gilasai ta ga 'yan ajinsu cikin fararen riguna, kowa ya sunkuya. A benci na uku ga Tabarau, kusa da ita ga wuri an jera kwalabe tsaf, ba wanda ya taɓa su. Tabarau ta ɗago, suka haɗa ido, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, mai sa ido na ciki ya ƙwanƙwasa tebur, ta mayar da kai.

Kafin Auta ta juya, 'yan ƙananan aji sun cika barandar. "Walƙiya ce! Da kayanta ta zo! Walƙiya, tashi sama mu gani!"

Malamar sinadarai ce ta fito daga ofis ta kore su da rula. Ta kama hannun Auta ta kai ta ɗan ɗakin da ake ajiye kayan gwaji, ta rufe ƙofa, ta juya ta, ta ja zif ɗin. Da robar ta saɓule, ta ga shatar ɗamara ta yi baƙi a kafaɗu da ƙugu, wani wurin har ya sale. Ta yi salati. Ta cika kofi da ruwa ta ba ta, Auta ta shanye, ta ƙara, ta shanye.

"Tun yaushe rabonki da ruwa?"

"Tun asuba."

Malama ta zauna a kan kwali ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, bana ta wuce. Baɗi in kin zo, wurinki yana nan a ajina, ko da 'yan bayanki za ki zauna."

Da yamma Auta tana kwance a ɗaki, Mama ta shafa mata man zafi, tana jin muryoyin Mama da Kawu daga falo.

"Ta gama," in ji Mama. "Ko fim ɗin zinariya ne ta gama. Ka je ka faɗa musu."

"Yaya, ki saurare ni. Wallahi ni ma raina ya ɓaci."

"Ranka ya ɓaci kana tsaye suna ɗaukar kukanta? Ɗan mutane da ba danginta ba shi ya hau rufi, kai kana kallon takalmi!"

Sai Auta ta ji ƙarar buɗe jaka, da motsin takardu.

"Ga shi nan, shafi na bakwai. Fim uku, da yawon tallan kowanne. In muka janye, kotu za su kai mu. Kuma ba hannuna ba ne a ƙasan nan, Yaya, naki ne."

Washegari Mama ta nemi izini a wurin aiki, ta ɗauki takardar ta kai wa wani lauya, mijin wata abokiyar aikinta. Ya karanta sau biyu, ya cire gilashin idonsa ya ce an ɗaure ta tamau. Abin da zai iya kawai shi ne ya rubuta musu wasiƙa su riƙa duba ranakun jarrabawa. Mama ta dawo ta zauna a bakin gadon Auta, ta daɗe tana murza yatsunta masu tabon dutsen guga.

"Ni na sa ki a ciki," ta ce. "Ban karanta ba."

"Mama, ai ni ma na so. Ranar har rawa na yi."

Masu fim suka ce sakacin Mai Igiya ne ya ƙona injin, ba su sake kiransa aiki ba. Auta ta nemi lambarsa wajen Anti Mai Kaya ta kira shi. Ya ce ya koma wurin gini, hannun ya warke, ta gaida mamanta.

Bayan wata huɗu fim ya fito. Ranar buɗewa aka zaunar da ita a layin gaba, tsakanin Kawu da Darakta. Da aka zo wurin, ga ta nan ta cika allo: an goge wayoyin, an sa gajimare a bayanta, gada na karyewa a hagu, ƙararrawa na kaɗawa a dama, fuskarta jage-jage da hawaye tana juyawa a hankali. An cire muryarta, an sa kiɗa mai taushi, amma ita tana ganin laɓɓanta suna cewa Kawu. Zauren ya yi tsit, wata mata a baya tana jan hanci, sannan tafi ya ɓarke. A waje wani ɗan jarida ya tura mata makirufo ya ce ta yaya yarinya kamarta ta iya kuka haka. Ta dubi Kawu, ya gyaɗa mata kai.

"Darakta ne ya koya min," ta ce.

A satin ne Tabarau za ta tafi jami'a. Auta ta sa hula da babbar riga ta raka ta tasha. Suka tsaya a inuwar motar ana ɗora akwatuna, Tabarau ta ciro wata jakar leda mai nauyi ta danƙa mata: littattafanta ne na sinadarai gaba ɗaya, da tambayoyin shekarun baya, duk ta ja layi a wuraren da suka fi fitowa.

"Saura ki ɓatar. Kuma baɗi ki nemi wata baiwar, ni na yi ritaya."

Suka yi dariya, dariyar ta ƙare ba su shirya ba. Direba ya buga gefen mota ya ce a shiga. Tabarau ta rungume ta da ƙarfi, ta hau, ta sami wurin taga. Auta ta tsaya har motar ta fita daga tasha ta sha kwana.

A tsallaken titi Kawu ya danna hon sau biyu. Ƙarfe huɗu za a auna ta, don ta ƙara tsawo, tsohuwar rigar ba za ta shige ta a fim na uku ba. Ta rungume ledar a ƙirji, ta jira motoci suka rage, ta tsallaka.